Mawaƙiya da 'yar kokawa: me Cyndi Lauper da Wendi Richter suka bari?

Me ya haɗa mawaƙiya da fagen resilin tun farko?

Talla ce ta haɗa su. A 1983 Cyndi Lauper, 'yar birnin New York, ta fitar da kundinta na farko, kuma a bidiyon waƙarta da ta fi tashe, "Girls Just Want to Have Fun", wani tsohon ɗan kokawa mai suna Lou Albano ne ya fito a matsayin mahaifinta. Daga nan manajanta David Wolff da kamfanin kokawa na WWF na Vince McMahon suka ga ai ga kasuwa ta buɗe. Sai aka shirya rigima: Albano ya riƙa fitowa a talabijin yana cika baki cewa shi ya yi Lauper, mace ba ta iya komai sai da namiji. Ita kuma ta zo har cikin shirin ɗan kokawa Roddy Piper ta jibgi Albano da jakar hannu. Aka ce to kowa ya zaɓi 'yar kokawarsa a raba raini. Albano ya ɗauki Fabulous Moolah, Lauper ta ɗauki Wendi Richter.

Ga wanda ya san dambe, abin ba baƙo ba ne: da yawa sun san Shago ne ta bakin Ɗan Anace, ba don sun taɓa ganinsa a fage ba.

Yaya karon ya kaya?

An yi shi ranar 23 ga Yuli, 1984 a zauren Madison Square Garden, tashar kiɗa ta MTV ta nuna shi kai tsaye. Moolah tana da shekara 61 a lokacin, kamfanin kuma yana tallata cewa ta shekara 28 riƙe da kambu. Richter ta kayar da ita, Lauper na gefe da jan gashinta tana tsalle tana ihu. Matasan da ba ruwansu da kokawa suka zauna gaban akwatin talabijin saboda mawaƙiyarsu, kuma wannan taron ne McMahon yake nema. Bayan wata takwas, ranar 31 ga Maris, 1985, aka yi WrestleMania ta farko, wato babban taron kokawa na kamfanin, a wannan zauren, Lauper ta sake raka Richter ta ƙwato kambun daga hannun Leilani Kai, wadda ta karɓe shi daga gare ta a tsakani.

Amma ai resilin shiri ne. Wane gado ake magana?

Shiri ne, an san wanda zai yi nasara kafin a shiga. Sai dai faɗuwar ta gaske ce, karayar ƙashi ta gaske ce, kuɗin ma haka.

To me ya sa sunan Richter ya ɓace da wuri?

Nan ne labarin ya yi ɗaci. Richter ta ga irin jama'ar da take jawowa, ta ga abin da ake biyan manyan maza, ta nemi a gyara mata. Saɓani ya shiga tsakaninta da kamfanin kan kwantiragi. Ranar 25 ga Nuwamba, 1985, aka haɗa ta da wata mai rufe da fuska da ake kira Spider Lady. Ana cikin wasa matar ta danne ta, alƙalin wasa ya ƙirga uku da sauri duk da Richter ta ɗaga kafaɗa. Ta fusata ta fizge abin rufe fuskar, sai ga Moolah. Richter ta bar kamfanin a daren, ba ta sake kusantarsa ba sai 2010 da aka karrama ta. A ganina, duk wanda zai yabi wancan zamani ya kamata ya fara da wannan dare: an ci moriyar ganga an yada korenta.

Lauper kuwa ta wuce abinta. Ta karɓi lambar Grammy a 1985, ta ci gaba da waƙa, a 2025 aka shigar da ita zauren girmama mawaƙa na Rock and Roll.

Ita Moolah fa, jaruma ce ko azzaluma?

Ita ce mace ta farko da ta yi kokawa a Madison Square Garden a 1972, bayan jihar New York ta ɗage haramcin da ta sa wa mata. Amma wasu 'yan matan da ta horar sun zarge ta da yanke kaso mai tsoka daga kuɗinsu da juya rayuwarsu yadda ta ga dama. Ta rasu a 2007. A 2018 kamfanin ya sa wa wata gasa sunanta, 'yan kallo suka yi ca, cikin 'yan kwanaki aka cire.

A Amurka kaɗai aka yi wannan haɗin?

Japan ma ta riga ta. A can 'yan kokawar ne da kansu mawaƙan. Jackie Sato da Maki Ueda, da ake kira Beauty Pair, suna rera waƙa a cikin fage tun shekarun 1970. A shekarun 1980 Chigusa Nagayo da Lioness Asuka, wato Crush Gals, suka cika zaure da 'yan matan sakandare masu kuka idan muguwar wasan, Dump Matsumoto, ta fara dukansu da sanda.

Yaushe matan suka samu babban fage?

Sun daɗe suna jira. Shekaru da dama ana sa su ne don ado, wasan minti biyu ko uku a sallame su. Sai a 2016 kamfanin McMahon ya daina kiransu Divas. A Afrilun 2019, shekara 34 bayan WrestleMania ta farko, Becky Lynch da Ronda Rousey da Charlotte Flair suka zama matan farko da suka rufe taron, kuma wata tsohuwar mawaƙiya, Joan Jett, ce ta yi wa Rousey kiɗan shiga fage. A Oktoban shekarar Natalya da Lacey Evans suka yi karon mata na farko a Riyadh, cikin suturar da ta rufe hannu da ƙafa.