Amfani da taswirar waya a ƙasar waje ba tare da data ba

Wannan wata dabara ce da matafiyi ke bi don ya san inda yake da inda ya dosa a baƙuwar ƙasa, ba tare da ya biya kuɗin romin ba, wato cajin da kamfanin layinsa na gida ke yi masa idan ya hau intanet da sabis ɗin wata ƙasa. Tushenta shi ne rarrabe abu biyu da mutane da yawa ke ɗauka ɗaya ne: gano wuri daban, taswira daban.

Gano wuri kyauta ne. Tsarin GPS, wanda waya ke gano wuri da shi, mallakar Amurka ne, an harba tauraronsa na farko a 1978, ya kuma fara cikakken aiki a 1995 da taurarin ɗan'adam 24 masu kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200. Wayar ba ta aika musu komai, saurare kawai take yi. Da ta kama saƙon aƙalla huɗu daga cikinsu sai ta lissafa tsawon lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso, ta haka take gane inda take. Shi ya sa ɗigon nan mai launin shuɗi da ke nuna inda mutum yake a taswira ke ci gaba da motsi ko an cire layi. Yawancin wayoyin zamani suna kama GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin. Idan babu intanet, kamun farko yakan ɗan jinkirta, musamman a tsakanin dogayen gine-gine, don haka gara a fita fili a ɗan jira.

Taswirar ce ke cin data, maganin kuwa shi ne a sauke ta tun a gida ko da waifai ɗin masauki. Google Maps yana ba da damar zaɓar yanki a ajiye shi a waya, sai dai ba ya nuna cunkoson hanya ko jadawalin bas da jirgin ƙasa idan babu intanet. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps, waɗanda suka dogara da OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta da aka kafa a 2004, suna sauke taswirar yanki ko ƙasa sukutum, kuma sun fi yi wa mai tafiya a ƙafa amfani. Kafin jirgi ya sauka a kashe romin na data a saitin wayar, domin wasu manhajoji kan hau intanet mai waya bai sani ba.

Amfanin wannan dabara a fili yake a aikin Hajji. Tantunan Mina duk kamarsu ɗaya, alhaji kan dawo daga jifa ya rasa nasa. Wanda ya sa alama a kan tantinsa da masaukinsa na Makka tun da farko, wayarsa za ta nuna masa ta inda zai nufa, muddin akwai caji, domin GPS da hasken allo suna saurin cinye batir.

Ba ko'ina dabarar ke tafiya daidai ba. A Sin an toshe ayyukan Google, taswirorin ƙasar kuma suna bin wani ma'auni, GCJ-02, da ke karkatar da wurare kaɗan daga inda GPS ke nunawa, don haka ɗan kasuwar da ya nufi Guangzhou zai fi samun biyan buƙata da manhajojin taswira na ƙasar, Amap ko Baidu. Mai layin wata ƙasa ta Tarayyar Turai kuwa, tun 15 ga Yuni 2017 ba a yi masa ƙarin caji idan ya shiga wata ƙasar ƙungiyar, amma wannan sassauci bai shafi layukan Najeriya ko Nijar ba.