Kula da ɗan lise bayan an tashi daga aji: wa doka ta ɗora wa nauyin?

Iyaye da yawa a Damagaram sun ɗauka aikin lise, wato babbar sakandare, bai wuce ta koyar da lissafi da Faransanci da falsafa ba, ta kai yaro bakin jarrabawar Bak ta kammala sakandare, shi ke nan. Ƙwallo tsakanin azuzuwa, makon al'adu, ranar sharar makaranta, ƙungiyar wasan kwaikwayo, duk ana yi musu kallon cin lokacin karatu. Ita kuwa doka ba haka ta ɗauki al'amarin ba.

Uwar dokokin ilimi a Nijar ita ce mai lamba 98-12 ta ranar 1 ga Yuni 1998, wadda malamai ke kira LOSEN. Ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, kuma gwamnati ta lamunce shi ga yara daga shekara 4 zuwa 18. Ke nan akasarin ƴan aji na farko da na biyu a lise suna cikin inuwarta. Cikin manufofin da ta zayyana akwai tarbiyyantar da maza da mata waɗanda za su iya tafiyar da rayuwarsu ta ƴan ƙasa da ta sana'a cikin mutunci, da kuma gano abubuwan da ke yi wa karatu tarnaƙi, na talauci ne ko na al'ada, a kawar da su. A nan ne hujjar take. Muddin yunwa da nisan gida da matsin aure suna hana ɗalibi karatu, makaranta ba ta da damar cewa wannan matsalar gida ce, babu ruwanta.

LOSEN ba jadawali ba ce. Manyan ginshiƙai ta kafa, ta bar bayani dalla-dalla ga kudurorin minista da dokar cikin gida ta kowace makaranta. Ta kuma raba nauyin kuɗin ilimi tsakanin gwamnati da ƙananan hukumomi da iyaye da sauran masu ba da gudummawa. Ta wannan ƙofa kwamitin kula da makaranta, wato COGES, ya shigo, inda shugaban makaranta da wakilan malamai da na iyaye da na ɗalibai ke zama su tsara aikin shekara. Abin da aka saba gani shi ne kuɗin ya ƙare a gyaran tebura da sayen alli. Waɗannan ma buƙata ce, amma babu abin da ya hana kwamitin ware wani kaso don randunan ruwan sha, akwatin magani, ƙwallo da riguna, ko fitila a ajin da ƴan Bak ke bita da dare. Sai dai a ce ba wanda ya tashi a taro ya nema.

A dubi yaron da ya ci burebe, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, a wani ƙauye na Mirriya ko Matamaye aka turo shi lise Amadu Kuran Daga. Gidan kawunsa a Garin Malam ya sauka. Lokacin bazara, da asuba yana layin famfo da jarkoki, domin a garin nan ƙarancin ruwa ba baƙon abu ba ne, kuma ɗan da aka riƙa shi ake fara aike. Ya iso an rufe ƙofa, surbeyan, mai sa ido kan ɗalibai, ya rubuta sunansa. Sau uku, sau huɗu, sai maganar horo ta taso. Dokar cikin gida ta ba makaranta ikon hukunta mai makara, wannan gaskiya ne. Amma dalilin naɗa wa kowane aji malamin da ke kula da shi, da barin ɗalibai su zaɓi wakilinsu, shi ne a samu wanda zai tambayi yaron nan dalili kafin takardarsa ta kai majalisar ladabtarwa. Sau da yawa ƴan ajinsu sun riga kowa sanin halin da yake ciki. Su ne yake haɗuwa da su bayan isha'i gaban baƙin allon da aka shafa a bangon wani gida, ɗaya na riƙe da alli yana warware lissafi, sauran na zaune kan benci da tabarma suna yi masa gyara. Wannan ƙungiyar bita ita ce aikin haɗin gwiwa mafi ƙarfi da ɗaliban lise ke da shi, kuma su suka ƙirƙire ta da kansu. Makarantar da ta san ciwon kanta za ta buɗe musu aji, ta sa malami ya riƙa leƙa su, ta kuma lura da wanda ba shi da ƙungiya, don galibi shi ne ke dab da sulalewa.

Ta ɓangaren ƴan mata doka ta fi fitowa fili. Ranar 5 ga Disamba 2017 gwamnati ta fitar da kuduri mai lamba 2017-935 kan kare yarinyar da ke karatu da tallafa mata da yi mata rakiya, sannan a watan Fabrairu na 2019 ministoci suka sa hannu kan takardar haɗin gwiwa da ta fayyace yadda za a yi aiki da shi. Abu biyu ya kamata kowane uba da uwa su riƙe. Na farko, aure ko juna biyu ba dalilin korar ɗaliba ba ne. Tana da damar ci gaba da karatu, ta kuma dawo bayan haihuwa, saɓanin tsohuwar ƙa'ida da ke rufe mata ƙofa. Na biyu, shugaban makaranta da malamai da kwamitin makaranta an ɗora musu nauyin kai rahoton duk abin da ke barazana ga karatun yarinya. Malamin da ya ga ana cin zarafin ɗaliba ya kawar da kai ya saɓa wa aikinsa.

Akwai giɓi, kuma ya dame ni. Alkawarin riƙe yarinya a makaranta an ɗaure shi ne da shekara 16, alhali a daidai wannan shekarar yawancinsu ke shiga lise. Kudurin kuma bai taɓa shekarun aure ba: kundin dokokin farar hula har yanzu 15 ya sa wa mace, 18 ga namiji. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan mata na aure kafin su cika 18, kuma jihohin Damagaram da Maraɗi na sahun gaba, ƴar ajin ƙarshe ta fi dogara da mutanen da ke kewaye da ita a makaranta fiye da takarda. Shi ya sa ƙungiyar iyaye mata, AME, da malama guda da ƴan mata za su iya gaya wa damuwarsu ba tare da zancen ya zagaya gari ba, suke da nauyi a lise fiye da yadda ake ba su.

Samari ba su da kuduri irin wannan, amma su ma suna da abin da ke jansu. Fada, wato majalisar samari ta bakin titi, tana nan a kowace kusurwa, ga tiramol, ga kabu-kabu da ke ba da kuɗin yau ya cinye gobe. Yaron da aka ba kyaftin ɗin ƙwallon ajinsu, ko aka damƙa masa shirya muhawara, ya samu wurin da ake jiransa da la'asar. Motsa jiki ma darasi ne da ake jarrabawa a Bak, don haka filin wasa ba alfarma ba ce.

Uban da ke son ya yi aiki da waɗannan dokoki ya fara da neman kwafin dokar cikin gida ta makarantar ɗansa, ya san sunan malamin da ke kula da ajin. Idan an kira babban taron COGES a farkon shekara ya je, ya nemi a karanta tsarin aikin da yadda aka kashe kuɗin bara, ya tambayi nawa aka ware wa ruwa da magani da wasanni. Idan kuwa an hana yarinya komawa aji saboda aure ko haihuwa, a fara da shugaban makaranta a rubuce, a ajiye kwafi; in bai saurara ba, a kai maganar ofishin ilimi na jiha, a ambaci lambar kudurin na 2017.