Zabura 37:23

Zabura 37:23 aya ce daga littafin Zabura, wanda Yahudawa suke kira Tehillim, ɗaya daga cikin littattafan da ke kashi na uku na nassin Ibrananci. Ana yawan kawo ta hujja a kan cewa Allah yana bi da adali a tafiyar rayuwarsa. A Ibrananci kalmomi shida ce kacal: me-Adonai mits'ade geber konanu, we-darko yehpats. In aka bi ta kalma bayan kalma, abin da take faɗa shi ne: "Daga wurin Ubangiji aka kafa takun mutum, yana kuwa jin daɗin hanyarsa." Aya ta 24 ce ke cikasa zancen: "Ko ya faɗi, ba za a yar da shi ba, domin Ubangiji yana riƙe da hannunsa." Abin lura shi ne kalmar "adali" ba ta cikin ayar kanta. Masu fassara da masu sharhi ne suka ɗauko ta daga sauran waƙar, kuma yawancin saɓanin da ke kan ma'anar ayar daga nan ya samo asali.

Matsayinta a cikin waƙar

Zabura ta 37 tana da ayoyi 40, tana cikin kashin farko na littafin, wato Zabura 1 zuwa 41. A kanta an rubuta "ta Dawuda", shi ya sa al'adar Yahudawa da ta Kirista suka jingina ta ga Sarki Dawuda. Masana da dama na zamani suna ganin an tsara ta ne bayan dawowar Yahudawa daga bauta a Babila, dawowar da ta fara wajen shekara ta 538 kafin haihuwar Almasihu, saboda salonta ya fi kusa da na littafin Karin Magana. Ba addu'a ake yi a cikinta ba, ba kuma kirari ake yi wa Allah ba. Dattijo ne yake yi wa na baya da shi nasiha.

An jera waƙar bisa haruffan Ibrananci 22, kowane baiti ya fara da harafin da ke biye, yawanci ayoyi biyu ga harafi guda. Mai karatun ajami ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin tsarin ya yi kama da waƙar da aka gina a kan abajada. Ayoyi na 23 da 24 su ne rabon harafin mem, na 13 a jeri. Wannan ya nuna baiti ɗaya ne, kuma wanda ya yanke ta 23 ya rataya a bango ba tare da ta 24 ba, rabin magana ya ɗauka.

Damuwar waƙar gaba ɗaya ita ce arzikin mugu. Sau uku, a ayoyi na 1 da 7 da 8, dattijon yana cewa kada ranka ya ɓaci, ko kuma a zahirin lafazin, kada ka yi zafi. Sau biyar yana maimaita cewa masu bin Ubangiji za su gāji ƙasar, a ayoyi na 9, 11, 22, 29 da 34. Kalmar tsaddik, wato adali, ta zo sau tara. Masu sauraren, ga dukkan alamu, mutane ne da ƙasa ke neman kuɓuce musu, ga bashi, ga maƙwabci azzalumi da kullum garkensa ke ƙaruwa. Adalin da waƙar ta siffanta kuwa ana gane shi ne a kasuwa: aya ta 21 ta ce mugu yakan ci bashi ya ƙi biya, adali kuwa yakan ji tausayi ya bayar.

Kalmomin ayar

Kalmar farko ta ƙunshi sunan Allah mai haruffa huɗu, wanda Yahudawa ba sa furtawa. In sun zo kansa sai su ce Adonai, shi ne ake fassarawa da Ubangiji. An sa shi a farkon jimla tare da me-, wato "daga", abin da ya cika sharaɗin harafin mem, ya kuma ɗora nauyin maganar a kan inda kafuwar ta fito.

Mits'ade jam'i ne, ma'anarsa taku-taku, ɗaga ƙafa da ajiye ta. Ba a ce makoma ba, ba a ce ƙarshen tafiya ba. Hoton na matafiyi ne a ƙasar duwatsu irin ta Yahudiya, inda turba ke bin gefen tudu, tsakuwa guda in ta gurgura sai mutum ya ji shi a kwari.

Konanu ta fito daga saiwar k-w-n, wadda ke nufin tsayawa daram, kafuwa, shiryuwa. 'Yar'uwar saiwar Larabci ce da ta ba da kana da kun. Da wannan saiwa ake maganar kafa gari, kafa gadon sarauta, har da kafa duniya. A Zabura ta 40 mawaƙin ya ce Allah ya fitar da shi daga taɓo, ya ɗora ƙafarsa a kan dutse, ya kafa takunsa, da wannan saiwar dai. Saboda haka shiriyar da ayar take nufi ta fi karkata ga ƙarfafa ƙafa a kan turba fiye da nuna hanya da yatsa. Fassarorin da suka ce "yana bi da shi" ba su yi kuskure ba, sai dai sun zubar da wannan ɗanɗano.

Geber ita ce mai rikici. Ibrananci yana da kalmomi da yawa na mutum: adam, ish, enosh. Geber kuwa namiji ne a cikin ƙarfinsa, daga saiwar g-b-r da ta ba da gibbor, jarumi, ta kuma ba da sunan mala'ika Jibrilu. Larabci yana da jabbar daga wannan gida. Rashi, malamin Yahudawa na garin Troyes a Faransa, wanda ya rayu daga 1040 zuwa 1105, ya fassara ta da mai ƙarfi a cikin tsoron Allah. Da haka ya shigo da adalci ta ƙofar kalmar kanta. Fassarar Sarki James ta Ingila, ta 1611, ta ƙara kalmar "nagari", kuma a bugunta ana rubuta kalmar da wani salon harafi daban don a nuna ƙari ce. Daga wannan fassara ce ayar ta shahara a matsayin alkawari ga mutumin kirki. Tsohuwar fassarar Girkanci, Septuaginta, da ta Latin, Vulgata, sun bar ta a "mutum" kawai. A cikin su biyun lambar waƙar 36 ce, saboda ƙidayarsu ta sha bamban da ta Ibrananci.

Wa yake jin daɗin hanyar wa?

Kashi na biyu na ayar kalmomi biyu ne, darko, hanyarsa, da yehpats, yana so ko yana jin daɗi. Nahawun bai bayyana mai jin daɗin ba, bai kuma bayyana mai hanyar ba. Hausa ma tana iya riƙe wannan shubuha yadda take, domin "yana jin daɗin hanyarsa" na ɗaukar fuska biyu.

Fuska ta farko: Allah ne yake jin daɗin hanyar mutumin. A nan ayar tana nufin wanda Allah ya yarda da tafiyarsa, shi ne ake kafa wa ƙafa. Fassarar Ƙungiyar Ɗab'i ta Yahudawa a Amurka, ta 1985, ta bi wannan. Fuska ta biyu: mutumin ne yake jin daɗin hanyar Allah. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da aya ta 4, inda aka ce ka yi murna da Ubangiji, da aya ta 34, inda aka ce ka kiyaye hanyarsa, wato hanyar Allah. Wasu fassarorin Kirista na zamani sun zaɓi wannan.

Ta farkon ta fi dacewa da gudun baitin, domin Ubangiji ne ya buɗe aya ta 23, shi ne kuma ya rufe ta 24, sauya mai aiki a tsakiya na buƙatar dalili. Amma kowacce aka ɗauka, sharaɗin adalci ya shigo, ko da kalmar ba ta nan.

Faɗuwar adali

Aya ta 24 ta fara da ki yippol, ko ya faɗi, ko kuma sa'ad da ya faɗi. Ba ta kore faɗuwa ba. Abin da ta kore shi ne yutal, a jefar da mutum gaba ɗaya, da fi'ilin da ake amfani da shi wajen jifa da mashi ko watsar da kayan jirgi a teku. Dalilin shi ne somek yado, yana tallafe da hannunsa. Wannan kalma ta somek ta riga ta zo a aya ta 17, inda aka ce za a karya damtsen mugaye amma Ubangiji yana tallafe da adalai. Wannan maimaici shi ne hujja mafi ƙarfi daga cikin waƙar cewa mutumin aya ta 23 shi ne adalin aya ta 17. Aya ta 31 ta ƙara ɗaure zancen: koyarwar Allahnsa tana cikin zuciyarsa, ƙafarsa ba ta zamewa. Karin Magana 24:16 na da irin wannan tunani, inda aka ce adali yakan faɗi sau bakwai ya tashi.

'Yan'uwanta a wasu littattafai

Karin Magana 20:24 ta fara da kalmomi uku iri ɗaya da na wannan aya, amma ta ƙare da tambaya: to yaya ɗan Adam zai gane hanyarsa? A can babu batun adali ko mugu, magana ce a kan gajiyawar kowa. Karin Magana 16:9 ta ce zuciyar mutum tana tsara hanyarsa, Ubangiji ne yake kafa takunsa, kusan abin da Bahaushe yake nufi da kana naka Allah yana nasa. Irmiya 10:23 ma ta ce ba a hannun mai tafiya kafa takunsa yake ba. Da alama tsohuwar magana ce da ke yawo a bakin masu hikima, mawaƙin Zabura ta 37 ya ɗauke ta daga fagen ƙaddara ya mai da ita lallashi ga wanda aka zalunta.

A al'adar Yahudawa

Sharhi mafi tsufa da ya iso gare mu a kan ayar yana cikin naɗaɗɗun fatun Tekun Gishiri, tsofaffin rubuce-rubucen Yahudawa da aka samu a koguna. A Kumran, wani wuri kusa da tekun, a kogo na huɗu, wanda aka gano a 1952, an sami guntayen wani tafsiri na Zabura ta 37 da masana suka ba lamba 4Q171. Jama'ar da ta rubuta shi ta karanta waƙar a matsayin labarin kanta. Mutumin da aka kafa wa taku, a wurinsu, shi ne shugabansu, firist ɗin da suke kira Malamin Adalci, mugun da ke fakon adali a aya ta 32 kuwa shi ne abokin gabarsa, Mugun Firist. Ke nan tun wancan zamani an ɗauki geber a matsayin adali, har ma adali guda sananne.

Talmud na Babila, tarin koyarwar malaman Yahudawa na da, ya bi wata hanya. A babin Hullin, shafi na 7b, an ruwaito daga Rabbi Hanina cewa mutum ba ya buge ɗan yatsansa a nan ƙasa sai an shelanta hakan a sama, aka kuma haɗa farkon wannan aya da ƙarshen Karin Magana 20:24 aka kafa hujja. A babin Berakot, shafi na 60b, an jera addu'o'in safiya da ake yi tare da kowane motsi na tashi daga barci, buɗe ido, sa tufafi, ɗaura ɗamara. Wadda ake yi in an fara tafiya ita ce yabo ga wanda yake kafa takun mutum. Har yau tana cikin littafin addu'ar Yahudawa, kowa yana karanta ta, ba a tambayar ko ya kai matsayin adali.

Aya ta 25, wadda ke biye, ta fi jawo gardama. Dattijon ya ce ya yi ƙuruciya, ga shi ya tsufa, bai taɓa ganin an yashe adali ko zuriyarsa suna barar abinci ba. Littafin Ayuba da Zabura ta 73 sun nuna cewa tun a cikin nassin akwai waɗanda suka ga akasin haka da idonsu. Yahudawa da yawa suna rufe addu'ar bayan cin abinci da wannan aya, wasu kuma suna karanta ta da murya ƙasa-ƙasa, don kada matalaucin da ke zaune a wurin cin ya ji kamar da shi ake.

A wurin Kirista da Musulmi

Kirista suna karanta waƙar tare da Matiyu 5:5, inda Yesu ya ce masu tawali'u za su gāji duniya, lafazin da ya yi daidai da aya ta 11. Augustine, bishop na Hippo a arewacin Afirka, ya yi wa'azi uku a kanta. Martin Luther, jagoran gyaran coci a Jamus, ya rubuta sharhinta a 1521, yana ɓoye a fadar Wartburg, ya aika wa mabiyansa na Wittenberg don ya kwantar musu da hankali. Masu jin Hausa sun sami waƙar cikin harshensu a cikakken Littafi Mai Tsarki na 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa.

Alƙur'ani bai kawo aya ta 23 ba, amma a Suratul Anbiya, aya ta 105, ya ce an rubuta a cikin Zabura cewa bayin Allah salihai ne za su gāji ƙasa. Masu nazarin nassoshin biyu sukan haɗa wannan da Zabura 37:29, wadda ta ce adalai za su gāji ƙasar su zauna a cikinta har abada. Malaman tafsiri sun yi saɓani a kan ƙasar da ake nufi: wasu sun ce Aljanna ce, wasu sun ce ƙasar duniya ce. Sun kuma yi saɓani a kan ko Zabura a nan littafin Annabi Dawuda ne shi kaɗai, ko kuwa duk littattafan da aka saukar.