Waiwaye: Yadda Nintendo ta bi 'yan yayi har ta kusa rasa 'yan gida

A farkon shekarun 2000 kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a Japan yana cikin tsaka mai wuya. Na'urarsa ta wasan gem, GameCube, da ƙyar ta kusa kai miliyan 22 a kasuwa, alhali PlayStation 2 ta Sony ta haura miliyan 150. Satoru Iwata, wanda ya karɓi shugabanci a 2002, ya ga cewa gasar ƙarfin inji da kyawun hoto ba za ta kai su ba. Sai ya juya wajen mutanen da ba su taɓa riƙe abin buga gem ba: iyaye, kakanni, matan gida.

Daga nan aka samu na'urar Wii a Nuwamban 2006. Abin sarrafa ta kamar rimot ɗin talabijin yake. Ka riƙe, ka wurga hannu kamar mai buga tanis, ɗan mutumin da ke allo ya yi yadda ka yi, ba sai an koya maka maɓallai goma sha ba. Saboda ɗoki, wasu rimot ɗin ya riƙa suɓuce musu yana fasa talabijin, har kamfanin ya sake wa mutane igiyar ɗaurawa a hannu da mai kauri. A gidajen kula da tsofaffi a Amurka ma an riƙa shirya gasa da ita. Ga arha: dala 250, lokacin da PlayStation 3 ke tsakanin 499 da 599. A ƙarshe an sayar da Wii sama da miliyan 101.

To ina matsalar? Wanda ya sayi na'ura don yayi, yawanci wasa ɗaya ko biyu ya ishe shi, daga nan sai ta koma ƙarƙashin tebur tana shan ƙura. Shi kuwa ɗan gani-kashe-ni duk wata yana neman sabon faifai, kuma da kuɗinsa ne kamfanonin da ke ƙera wasanni suke rayuwa. Wii ba ta da hoto mai kaifi irin na abokan hamayyarta, don haka manyan wasanni da dama suka tsallake ta, ko suka zo mata a rage. Kasuwarta ta cika da tarkacen wasannin biki masu arha. A baje kolin wasannin gem na E3 na 2008, da Nintendo ta fi ba da ƙarfi kan wasan kiɗa na Wii Music, tsoffin masoyanta sun yi ta guna-guni. A 2011 sai da masoya a Amurka suka yi gangami mai suna Operation Rainfall suna roƙon a kawo musu wasanni uku, ciki har da Xenoblade Chronicles, waɗanda tuni aka fitar a Japan. Mai kuɗi a hannu yana roƙon a sayar masa!

Ana cikin haka wayar hannu ta shigo. Wasan Angry Birds ya fito a 2009, Candy Crush a 2012, kusan kyauta, kuma a aljihu. Mutanen da Wii ta tara suka watse can, ba ko sallama.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wii U ta fito a Nuwamban 2012 da abin riƙewa mai allo a tsakiya, amma mutane da yawa suka ɗauka ƙarin kaya ne na tsohuwar Wii, ba sabuwar na'ura ba. 'Yan yayi ba su dawo ba, 'yan gida kuma sun riga sun tare wajen Sony da Microsoft. Kamfanin EA mai ƙera wasanni ya janye daga Wii U a 2013, wasan ƙwallonsa FIFA 14 bai fito a kanta ba. Duk wanda ya san shagunan gem na Kano ko Kaduna ya san na'urar da ba ta da ƙwallo ba ta da wurin zama. Wii U miliyan 13 da rabi kacal aka sayar. Nintendo ta yi shekara uku a jere tana faɗuwa a harkokinta, kuma a 2014 Iwata ya zaftare rabin albashinsa na wasu watanni. Ya rasu a Yulin 2015.

Microsoft ma ta taka irin wannan sawun. Ta tilasta kyamarar Kinect a kan na'urarta Xbox One a 2013, ta sa dala 499, Sony ta sa PS4 a 399. Bayan 'yan watanni Microsoft ta cire kyamarar.

A ganina laifin Iwata ba neman sabbin mutane ba ne, don da bai yi haka ba da ba a samu kuɗin da ya riƙe kamfanin a shekarun asara ba. Kuskuren shi ne zaton cewa baƙon ranar kasuwa zai zama kwastoma. Da sabuwar na'urar Nintendo, Switch, ta zo a Maris na 2017, da wasan Zelda mai zurfi aka buɗe mata kasuwa, sannan aka bi da na iyali. Mario Kart 8, wanda bai kai kwafi miliyan tara ba a kan Wii U, da aka sake fito da shi a Switch ya wuce miliyan 60.