An sayi fili an toshe mana hanya, ya za mu yi?

Wannan rigimar ta zama ruwan dare a unguwannin bayan gari na Kano da Kaduna da Zariya. Fili ya daɗe a buɗe, mutane sun yi hanya ta cikinsa zuwa masallaci da makarantar yara da bakin titi, kwatsam wata safiya tipa ta juye yashi, magina suka ja igiya, kafin sati biyu katanga ta kai ƙirji. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Wai mai fili yana da ikon rufe hanyar da muka daɗe muna bi?

Ya danganta da irin hanyar. In unguwarku awon gwamnati ce to akwai taswira, an fitar da layuka da faɗinsu, kuma duk abin da taswira ta ce layi ne ba na kowa ba ne, ko nawa mutum ya biya dillali. Matsalar tana awon igiya, inda mai gona da dillalai suka yanka fulotai da kansu, wani lokacin ma su sayar da layin da suka bari saboda kwaɗayin ƙarin fuloti ɗaya, wallahi wannan shi ne tushen yawancin faɗan. In kuma hanyar ratse ce kawai da ƙafa ta fitar a tsakiyar fulotin mutum don ya bar shi ba gini, gaskiya hujjarku ba ta da ƙarfi sosai in akwai wata hanyar ko da zagaye ce.

Amma ya nuno mana takardar mallaka mai sa hannun gwamna fa

Takardar ba ta ba shi abin da ke wajen bikon ɗinsa ba, wato alamomin iyakar filinsa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora filaye a hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a, abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sashe na 28 ya ba gwamna damar janye shi saboda amfanin jama'a. Sannan takardar fili daban, izinin gini daban. Hukumar tsara birane ce ke bayar da izinin gini, a Kano KNUPDA, a Kaduna KASUPDA. Ku nemi a auna, sau da yawa sai ka tarar an ci ƙafa goma ko sha biyar na layi an haɗa da filin, mai shi ma wataƙila bai sani ba, haka aka sayar masa.

Me Musulunci ya ce?

Nan ne nake ganin mutane ba sa amfani da abin da ke hannunsu. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim cewa in an yi saɓani kan hanya a sa faɗinta kamu bakwai, wato mita uku da ɗan wani abu. Ga ƙa'idar ba cuta ba cutarwa. Sannan a Muwaɗɗa Imam Malik ya kawo labarin Dahhak ɗan Khalifa da ya so ya ja ruwa zuwa gonarsa ta cikin gonar Muhammad ɗan Maslama, shi kuma ya ƙi, maganar ta je gaban Sayyidina Umar, ya tambaye shi me zai sa ya hana ɗan uwansa abin da zai amfane shi alhali ba ya cutar da shi, da ya dage sai Umar ya ba da umarni a ja ruwan ta nan. Lura da sharaɗin dai, ba ya cutar da mai gonar. Don haka ba a ce ku raba wa mutum fili gida biyu ya kasa gini ba, amma ya bar lungu a gefe da mai baro da mai ɗauke da gawa za su wuce, wannan kam haƙƙi ne a ganina.

Gidana ba shi da wata mafita sai ta filinsa

Kai ne ka fi kowa hujja, musamman in mutum ɗaya ne ya yanka filin ya sayar muku duka. Kotu na iya tabbatar maka da hanya saboda lalura. Nemi lauya da wuri.

Daga ina za mu fara?

Daga ranar da kuka ga an sauke bulo, kar ku bari a zuba fandisho, domin in gini ya tashi kowa zai fara jin nauyin cewa a rushe. Ku je wa mai unguwa da limami su kira mai filin, in bai yiwu ba dagaci da hakimi. A lokaci guda ku rubuta koke da sa hannun magidanta ku kai hukumar tsara birane, ku riƙe kofi mai hatimi, ku ɗau hotuna, ku samo dattawan da suka san hanyar tun tana gona. In fili ne mai takardar gwamna babbar kotun jiha ce ke da hurumi, kuma lauya zai iya roƙon a dakatar da aiki kafin a gama shari'a. In aka sasanta a rubuta faɗin lungun da ƙafa, shaidu su sa hannu, don gobe magada ko sabon mai saye kar su ce ba su san zancen ba.

Samari sun ce su ture katangar da daddare

Ku hana su. Ɓarnar dukiya laifi ne, gobe 'yan sanda za su kwashe yaran, maganar hanya ta koma maganar beli, mai filin da watakila zai saurari limami kuma ya ƙeƙashe ya ce sai kotu.