Waiwaye: Babur da takaddamar da ke bin sunansa a Indiya

Duk lokacin da aka tayar da zancen masallacin Babri na garin Ayodhya, sunan Zahiruddin Muhammad Babur, sarkin da ya kafa daular Mughal, ne ke fitowa, alhali shekara huɗu kacal ya yi yana mulki a Indiya, kuma tun farko ba can zuciyarsa take ba.

An haife shi a 1483 a Andijan, cikin Uzbekistan ta yanzu. Ta wajen uba jinin Timur ne, ta wajen uwa kuma jinin Jengis Khan, shahararrun sarakunan yaƙi biyu na Asiya. Ya gaji sarautar Fergana, yankin da Andijan take, a 1494 yana yaro, sannan ya ƙare ƙuruciyarsa wajen neman Samarkand, birnin kakansa Timur, wanda ya ci har sau uku, sau ukun kuma yana kuɓuce masa. Shaibani Khan na Uzbek ne ya fi wahalar da shi, har ta kai shi ga yawo a tsaunuka ba gari ba runduna, kafin ya kama Kabul a 1504. Sai da ya fid da rai da Samarkand ya fuskanci kudu da gaske.

A Afrilun 1526, a filin Panipat, ya ɗaure kekunan yaƙi da juna ya jera bindigogi da igwa a bayansu, ya murƙushe rundunar Sultan Ibrahim Lodi na Delhi wadda ta ninka tasa. Shekara ɗaya bayan haka ya ci Rana Sanga, wani babban sarkin Hindu, da yaƙi a Khanwa. Ya rasu a Agra a 1530, daga baya aka mayar da gawarsa Kabul. Ɗansa Humayun ya rasa mulkin a 1540, ya ƙwato shi a 1555, amma jikansa Akbar ne ya kafa wa daular Mughal ginshiƙai, ta ɗore har Turawan Ingila suka kawar da ita bayan boren 1857.

Masallacin kuwa, ana danganta gininsa ga kwamandan Babur, Mir Baƙi, wajajen 1528, kuma babu ambaton masallacin a abin da ya rage na Baburnama, tarihin rayuwar Babur da ya rubuta da harshen Turkanci na Chagatai, littafin da bai ɓoye kaye ko shan giyarsa a ciki ba. Masu tsattsauran ra'ayin Hindu sun rusa masallacin ranar 6 ga Disamba, 1992, suna cewa a wurin da aka haifi Rama, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, aka gina shi, rikicin da ya biyo baya kuma ya ci rayuka kusan 2,000, akasarinsu Musulmi. A 2019 Kotun Ƙolin Indiya ta ce rusawar ta saɓa doka, amma ta miƙa filin don gina wurin bautar Hindu, wanda aka buɗe a Janairun 2024.