Bankin abinci da tallafin gwamnati wajen rabon kayan gwari

Bankin abinci cibiya ce da ba ta neman riba, wadda take karɓar rarar abinci daga gonaki, masana'antu, manyan kantuna da rumbunan gwamnati, ta tace shi, ta adana, sannan ta raba wa mabuƙata, galibi ta hannun ƙananan ƙungiyoyin agaji, wuraren ibada da makarantu. Hatsi da abincin gwangwani ba su da wuyar sha'ani a irin wannan cibiya, domin suna iya yin watanni a ajiye. Inda gizo yake saƙa shi ne kayan gwari, wato tumatir, attaruhu, tattasai, kabeji, alayyafo da 'ya'yan itatuwa, tare da madara, nama da kifi, waɗanda kwana biyu ko uku cikin zafi sun isa su lalata su. Saboda haka tallafin da gwamnatoci suke bayarwa a wannan fanni yakan tafi ne ga ɗakunan sanyi, motoci, man fetur, lantarki da ladan ma'aikata, tun da shi abincin sau da yawa kyauta ake samunsa, kuɗin kai shi hannun mai buƙata kafin ya ruɓe ne babu.

Asali da tarihi

An fi danganta bankin abinci na farko ga John van Hengel, wanda ya kafa cibiyar St. Mary's a birnin Phoenix na jihar Arizona ta Amurka a 1967. Yana aikin sa kai ne a wani wurin ciyar da marasa galihu, sai ya haɗu da wata mata mai 'ya'ya da yawa da take ciyar da su da abin da take tsinta a bolar manyan kantuna, kuma an ruwaito cewa ita ce ta kawo shawarar a samu wurin da mai rara zai ajiye, mai buƙata ya zo ya ɗauka, kamar yadda ake yi da kuɗi a banki. Daga nan sunan ya samo asali. A wajajen tsakiyar shekarun 1970 gwamnatin tarayyar Amurka ta ba cibiyar tallafi domin ta koya wa wasu birane tsarin, kuma a 1979 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya mai suna Second Harvest, wadda ta koma Feeding America a 2008.

Shigar gwamnati gadan-gadan ta faro ne daga matsalar rara. Gwamnatin Amurka ta daɗe tana sayen garin madara da cuku domin kada farashi ya faɗi, har rumbunanta suka cika maƙil, ana kashe kuɗi wajen adana abin da ba a ci. A watan Disamba na 1981 Shugaba Ronald Reagan ya ba da umarnin a fitar da cuku mai nauyin fam miliyan 30 a raba wa talakawa. A 1983 majalisar ƙasar ta mayar da wannan rabo doka, shirin tallafin abinci na gaggawa da ake kira TEFAP a taƙaice, kuma abin lura shi ne dokar ta ware dala miliyan 50 ta musamman domin ajiya da sufuri, domin an riga an ga cewa ƙungiyoyin agaji suna karɓar kaya amma ba su da inda za su sa shi. A 1996 aka ƙara wata doka mai ɗauke da sunan ɗan majalisa Bill Emerson, wadda ta kare mai ba da abinci da kyakkyawar niyya daga ƙara a kotu, sai dai idan an tabbatar da babban sakaci a kansa. Kafin wannan doka, tsoron shari'a ya sa kantuna da yawa sun gwammace su zubar da kaya da su bayar.

A Turai an buɗe bankin abinci na farko a birnin Faris a 1984, kuma a 1987 ƙungiyar ƙasashen da daga baya ta zama Tarayyar Turai ta fara raba wa matalauta rarar man shanu, nama da hatsi da ta tara ta hanyar sayen amfanin manoma. Da rarar ta ƙare, sai aka maye gurbin shirin da wani asusu na kuɗi a 2014, wanda aka ware wa sama da yuro biliyan 3.8 zuwa 2020. Faransa ta bi wata hanya daban a watan Fabrairu na 2016, inda ta haramta wa manyan kantuna masu faɗin fiye da murabba'in mita 400 lalata abincin da bai sayu ba, ta wajabta musu ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin agaji. Italiya ta yi tata dokar a wannan shekarar, amma ta fi karkata ga rangwame da sauƙaƙa ƙa'idoji maimakon tara.

Annobar korona ta 2020 ce ta nuna girman giɓin da ke tsakanin gona da baki. Da aka rufe gidajen abinci da makarantu, manoman Amurka sun zubar da madara sun kuma binne kayan lambu, alhali layukan masu neman abinci suna ta tsawo. Gwamnati ta fito da shirin sayen kayan gwari, madara da nama a zuba a kwalaye, kuma daga Mayun 2020 zuwa Mayun 2021 an raba kwalaye sama da miliyan 170. Kanada ma ta ware dalarta miliyan 50 domin ceto rarar kaya masu saurin lalacewa.

Girman asarar

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya, wajen tan biliyan 1.3, yana salwanta duk shekara. A 2019 ta ce kimanin kashi 14 cikin ɗari yana lalacewa tun daga girbi kafin ya kai kanti.

Najeriya da ƙasar Zazzau

Tallafin abinci na gwamnatin Najeriya ya ginu ne a kan hatsi. A 2020 an ba da umarnin fitar da tan 70,000 daga rumbunan ajiya na ƙasa, a 2024 kuma tan 42,000, kuma masara, dawa, gero da garin rogo ne suka fi yawa a ciki. Bankunan abinci na zamani ƙungiyoyi ne masu zaman kansu, fitacce a cikinsu shi ne na Legas da aka kafa a wajajen 2015, kuma da gudummawar kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane suke aiki.

A ƙasar Zazzau asarar ba a manyan kantuna take aukuwa ba, a bakin gona da kasuwa ne, kuma wannan ne ya sa tsarin Faransa ba zai yi wani tasiri a nan ba idan aka kwafo shi yadda yake. Manoman rani na fadamun kogin Galma da na yankunan Kudan, Makarfi da Ikara suna ɗiban tumatir kusan lokaci guda, tsakanin Janairu da Maris, sai kaya ya yi yawa, farashi ya karye, har wani lokaci kuɗin kwando bai biyan ladan ɗiba da na mota. Wanda aka lodawa zuwa kudu yana tafiya ne a kwanduna da aka ɗora wani kan wani, na ƙasa ya matse ya fashe kafin a isa kasuwar Mile 12 ta Legas, shi ya sa ake ta kiran a koma ga akwatunan roba. Wanda ya rage a gida kuwa akan yanka shi a shanya a rana ya zama kauɗa, dabarar da ta ceci dukiya mai yawa, ko da yake shanyar ƙasa tana kwasar ƙura da yashi. Da damina ta kankama sai lamarin ya juye, tumatirin da aka rasa mai saye a watan Fabrairu ya gagari talaka a kasuwannin Sabon Gari da Tudun Wada. A 2016 tsutsar nan mai suna Tuta absoluta ta cinye gonaki har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta ɓaci a kan tumatir.

Zariya tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi, wato Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya koma 1922, da cibiyar wayar da kan manoma ta ƙasa, duka a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai kuma dabarun sanyaya kaya da ba su dogara da wutar lantarki ta gwamnati ba: tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malami Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa a shekarun 1990, da ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana irin na kamfanin ColdHubs, inda ɗan kasuwa yake biyan kuɗin akwati a kowace rana. Hanyoyin rabo ma ba baƙi ba ne, domin ciyarwar azumi a masallatai, sadakar abinci ga almajirai da shugabancin 'yan gwari a kasuwanni sun daɗe suna aiki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kuɗin da zai haɗa rarar lokacin ɗiba da waɗannan hanyoyi, kuma kuɗi ne da ba mai yiwuwa ɗan kasuwa ya zuba shi ba tun da ba riba a ciki.

Zakka ba ta cike wannan gurbi kai tsaye. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ana fitar da zakka daga hatsi, ba a fitarwa daga kayan lambu, yayin da Imam Abu Hanifa yake ganin ta wajaba a kan duk abin da aka noma.

Saɓani

Masu suka suna cewa bankin abinci yana ba gwamnati damar kauce wa gyaran albashi da tallafin kuɗi, kuma yana magance alamar talauci ne kawai. Masu goyon baya suna cewa mai jin yunwa ba zai jira gyaran tattalin arziki ba. Wasu manoma da 'yan kasuwa kuma suna fargabar cewa rabon kyauta zai ƙara karya farashi, shi ya sa wasu shirye-shiryen suke sayen kayan daga manomi ko su biya shi kuɗin ɗiba da lodi.